Shahadar Kanikanci a Amurka: Abin da Take Ci da Abin da Take Bayarwa

 

Mas'alar da za mu aza a kan mizani yau mas'ala ce ta hisabi, irin wadda uba da ɗansa kan zauna su warware bayan sallar lisha, kuma ko da yake a ƙasar Amurka ta taso, can ne kuma muhallinta, ba za ta zama baƙuwa a kunnenmu ba, domin akwai 'yan'uwanmu Hausawa, daga Nijeriya da Nijar da Gana, waɗanda neman abinci ya zaunar da su a unguwar Bronx ta birnin Niyok da wasu garuruwan ƙasar, har 'ya'yansu suka girma, suka gama sakandare, suka iso inda hanya ta rabu. Ga yaro yana son kanikancin mota. Shin ya ba da shekara biyu na ƙuruciyarsa, da kuɗin da za a nema, ga makarantar da suke kira kwalejin al'umma, domin ya fito da shahada a hannu? Ko kuwa ya wuce gareji kai tsaye, ya soma karɓar lada tun ranar farko?

Ba zan ɓoye muku ra'ayina sai ƙarshe ba. Karatun nan yana biyan wahalarsa, amma da sharaɗi. A shiga da arha, a haɗa da aiki, a fita ba bashi. Ku riƙe mini waɗannan kalmomi, za mu yi ta komawa gare su.

Bari mu fara da sanin ita makarantar. Kwalejin al'umma makaranta ce ta gwamnatin jiha ko ta gunduma, wadda ake kammala karatunta a shekara biyu, ƙofarta kuwa a buɗe take ga kusan duk wanda ya gama sakandare, saurayi ne ko magidanci mai iyali. Mafi daɗewa a cikinsu, ta garin Joliet a jihar Illinois, ta soma aiki a 1901, amma ba su bazu sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojoji suka komo gida suna neman abin yi, wani kwamiti kuma da Shugaba Truman ya naɗa ya ba da shawara a 1947 cewa a kusanto da ilimi mai zurfi ƙofar talaka. Galibinsu ba su da ɗakin kwanan ɗalibai. Daga gidan ubansa yaro yake zuwa, can kuma yake komawa ya ci tuwon dare. A sashen gyaran mota, ɗalibi yakan raba lokacinsa tsakanin aji da ƙarƙashin mota, ana bi da shi daki-daki ta kan injin, da giya, da birki, da sitiyari, da wayarin, da na'urar sanyaya mota, a haɗa masa da Turanci da lissafi gwargwado, sannan a ba shi ƙaramin digiri wanda ya yi kusa da abin da muke kira difloma a gida.

To, nawa ne kuɗin? A nan ne mutane da yawa kan yi mamaki. Idan aka yi matsakaicin lissafi a faɗin ƙasar, ɗan gunduma yana biyan wajen dala 4,000 a shekara. A kwalejojin birnin Niyok, har da ta Bronx wadda take da sashen kanikanci, dala 4,800 ne ga mazaunin birni. Kalifoniya kuwa ta fi su arha nesa ba kusa ba, don a can kuɗin shekara biyun gaba ɗaya yakan tsaya a wajen dala 3,000. Daɗin daɗawa, gwamnatin tarayya tana da wani tallafi da ake kira Pell, wanda kyauta ce ba rance ba, ana ba wa ɗan mai ƙaramin ƙarfi idan ɗan ƙasa ne ko mai takardar zama ta dindindin, iyakarsa kuma a 2024 ta haura dala 7,000 a shekara, watau ta isa ta rufe kuɗin makaranta har a sami rarar sayen littattafai. Jihar Tennessee ma tun 2015 ta ɗauke wa masu gama sakandarenta kuɗin wannan karatu.

Saboda haka, masu sauraro, kuɗin da ake biya a ofishin makaranta shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da karatun yake ci. Manyan kuɗaɗen ba a rubuta su a takardar kowace makaranta ba. Su ne nake so mu tsaya a kansu.

Na farko lokaci ne. Mu ƙaddara yara biyu sun gama sakandare tare, ɗaya ya shiga kwaleji bai taɓa aikin lada ba har ya gama, ɗaya ya shiga gareji yana juyen baƙin mai da sauya taya, mu kuma ƙaddara ana biyansa dala 15 a awa. Kafin na farko ya karɓi shahadarsa, na biyu ya karɓi wajen dala 60,000, ya kuma san inda kowane noti yake a motoci ɗari. Wannan kuɗin da bai shigo aljihun ɗalibi ba, hasara ce ta haƙiƙa, ko da yake ba wanda ya miƙa masa rasit a kanta, kuma duk uban da ya yi lissafin karatun ɗansa bai sa ta ciki ba, lalle lissafinsa bai cika ba.

Na biyu kayan aiki ne, kuma a nan al'adar Amurka ta bambanta da abin da mutum zai zata. A mafi yawan garejin ƙasar, mai gareji shi ke da jak ɗin ɗaga mota da manyan na'urori, amma sifana da soket da filaya da sukundireba da akwatin ajiye su, duk a wuyan bakanike suke. Shi zai saya da kuɗinsa. Da 'yan dubban daloli ake farawa, kafin a tsufa a sana'ar kuwa an zuba dubbai goma-goma. Akwai manyan motocin kamfanonin kayan aiki, irin su Snap-on da Mac da Matco, da ke zagaya gareji-gareji kowane mako, cikinsu kamar kanti, kaya na ƙyalli, dillali kuma ba ya cewa a biya yau, sai dai a riƙa ba da kaɗan-kaɗan duk mako. Kayan nagari ne, ban ce ba. Amma saurayin da bai cika shekara ashirin ba, wanda bai taɓa riƙe albashi ba, idan ya shiga motar nan ya ga akwatin da ya fi shi tsawo, sau da yawa yakan sa hannu a rance mai kuɗin ruwa kafin ya koyi aikin da zai biya shi. Ina roƙon iyaye su sa ido a nan ƙwarai. Kamfanonin kan yi wa ɗalibai rangwame mai yawa muddin suna makaranta, wannan kuwa yana cikin fa'idojin shiga kwalejin, amma rangwame a kan abin da ba a bukata israfi ne. A sayi abin da hannu zai taɓa gobe da safe, sauran su jira.

Na uku shi ne bashin karatu kansa, wanda ya fi sauran nauyi a zuciyar Musulmi, domin rancen ɗalibai a Amurka yana ɗauke da kuɗin ruwa, hukuncinsa kuwa a Shari'a ba ya bukatar dogon bayani, kuma ko ta fuskar dokar ƙasar, bashi ne mai wuyar kuɓucewa, wanda ko mutum ya je kotu ya tabbatar ya karye, da ƙyar alƙali ke sauke masa shi. Mutanenmu kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne. Amma a wannan karatu musamman, akwai hanyar gama shi ba tare da shi ba, wanda kuwa ya ga hanya ya bar ta ba shi da uzuri.

Mun ga abin da karatun ke ci. Yanzu mu juya ga ɗaya kwanon mizanin, mu ga abin da yake bayarwa.

Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta nuna cewa a 2023 bakaniken da ke tsaka-tsaki, wanda rabin abokan sana'arsa suka fi shi samu rabi kuma suka gaza shi, yana samun kusan dala 48,000 a shekara. Wannan kuwa daidai yake da samun tsaka-tsakin ma'aikacin ƙasar baki ɗaya. Watau sana'a ce ta rufin asiri. Tana ciyar da iyali, tana biyan haya, amma wanda ya shige ta da zaton zai kuɗance a shekara uku, ya yaudari kansa. Masu gyaran manyan motoci da injinan dizal sun ɗara da wajen dala 10,000. Aiki kuma ba ya yankewa, domin Ba'amurke ba ya rayuwa ba mota, motocin da ke kan titunansu kuwa sai ƙara tsufa suke yi, har matsakaicin shekarunsu ya wuce 12, tsohuwar mota kuma kowa ya san ba ta rabuwa da gareji.

Sai dai akwai wani abu a yadda ake biyan ladan wanda in ba a fahimce shi ba, ba a fahimci sana'ar ba, kuma shi ne yara da yawa ba sa ji sai sun shiga. A garejin dilolin mota da wasu da dama, aikin jinga ake yi, kamar dai yadda ake yanka wa ɗan ƙwadago gona a ce nome nan ga ladanka, ko ka gama da hantsi ko ka kai almuru. Akwai littafi da ya ƙayyade wa kowane gyara lokacinsa. Idan littafi ya ce gyaran birki awa biyu ne, ladan awa biyu za a ba ka. Ka gama a awa ɗaya, ka ci gaba, ka ɗauki wata motar. Noti ya yi tsatsa ya ƙi kwantuwa, kamar yadda yake yi a jihohin arewa inda ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, ka yi awa huɗu kana fama, ladanka dai na awa biyu ne. Idan kuwa ranar ba mota, sai ka wuni a tsaye da kayan aiki a jiki, aljihu wayam. Gyaran da kamfani ke biya a ƙarƙashin garanti ma lokacinsa ya fi ƙanƙanta. Abin ya kai ga shari'a, har a 2013 wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta yanke cewa wajibi ne a biya kanikawa ladan lokacin da suka zauna jiran aiki, amma wannan hukuncin jiha ɗaya ne, ba na ƙasa duka ba.

Ku lura da abin da wannan tsari ke nufi. Gwani yana iya karɓar ladan awa sittin a makon da ya yi aikin awa arba'in. Sabon shiga kuwa yana iya yin arba'in ya karɓi na ashirin da biyar. Littafin jinga ba ya tambayar shahada. Sauri yake biya, da daidaito, da gano ciwon mota tun a karon farko.

A nan ne masu sukar karatun ke kawo hujjarsu, kuma wajibi ne mu yi musu adalci, don hujjar tana da ƙarfi. Suna cewa babu wata dokar tarayya da ta sharɗanta wa bakanike digiri. Suna cewa wanda ya fito daga kwaleji, ranar da ya shiga gareji, a layin juyen baƙin mai za a tsayar da shi tare da wanda bai taɓa shiga aji ba, a kan lada kusan ɗaya. Suna kuma cewa hannu a gareji yake nuna. Duk gaskiya ne. Ibnu Khaldun ma, a cikin Muƙaddimarsa, ya yi dogon bayani a kan cewa sana'a malaka ce da ke zauna wa mutum a jiki ta hanyar maimaici, kuma abin da ido ya gani hannu ya taɓa ya fi zama daram a kan abin da aka ji a baki. Ita sana'ar da kanta ta yanke wa karatun farashi. Akwai wata cibiya mai zaman kanta da ake kira ASE, wadda aka kafa a 1972, ita ce ke jarraba kanikawan Amurka ta ba su shaidar ƙwarewa, kuma shaidarta ce masu gareji suka fi dubawa. Kafin ta ba mutum shaida, sai ya ci jarrabawa, ya kuma kawo hujjar aikin hannu na shekara biyu. Wanda ya yi karatun shekara biyu, shekara ɗaya ake yafe masa. Ku ji da kyau. Shekara biyu a makaranta, a wurin masu sana'ar, shekara ɗaya ce a gareji.

To, in haka ne, me ya sa na ce karatun yana biyan wahalarsa? Dalilin shi ne motar da kanta ta sauya, kuma wannan ne gundarin maganata.

Motar da iyayenmu suka sani, mai kafireto, mota ce da ke faɗin ciwonta ga mai kunne da hanci, gwani ya saurari ƙararta, ya shinshina hayaƙinta, ya duba launin fulogi, ya san inda zai sa hannu. Ta yau kuwa kwamfutoci ne birjik a cikinta suna magana da juna ta wayoyi, ɗaya na kula da mai, ɗaya da giya, ɗaya da birki, kuma tun daga motocin 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota ta zo da wata kafa, galibi a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike ta karanto abin da motar ke kuka da shi. Mutane na zaton na'urar ce ke gyara. Ba haka ba ne. Na'ura za ta ce maka iska ta yi wa mai yawa a injin, amma ba za ta ce maka ko tiyo ne ya tsage, ko famfon mai ne ya raunana, ko na'urar awon iskar ce ta yi datti, ko kuwa waya ce ta goge a wani lungu da ido ba ya kaiwa ba. Wanda bai san ƙa'idar lantarki ba, bai iya karanta taswirar wayarin ba, sai ya shiga canke, ya sauya wannan ya sauya wancan, kuɗin mai mota na tafiya, lokacinsa shi ma na tafiya, ciwo na nan. Wanda ya san usulin abin kuwa, sai ya ɗauki mita ya auna wuri uku, ya sa yatsa a kan laifin.

Wannan ilimin usuli shi ne gareji ba ya iya bayarwa cikin sauƙi, ba don rowa ba, sai don babban bakaniken da ke kan jinga, duk mintin da ya tsaya yi wa yaro bayani daga ladansa yake fita. A makaranta kuwa an biya malami domin ya tsaya. An ba ɗalibi mota ya ɓata, ya gyara, ya sake ɓatawa, ba mai mota a bakin ƙofa yana duban agogo. Shi Ibnu Khaldun ɗin da ya fifita maimaici, bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa sana'a ba ta samuwa sai da malami, kuma gwargwadon gwanintar malami, gwargwadon abin da almajiri zai kai. Ga kuma motoci masu haɗa fetur da lantarki, da masu lantarki zalla, waɗanda batirinsu ke ɗauke da wuta ta ɗaruruwan bolt, har aka rina wayoyinsu ruwan lemo domin gargaɗi. Wannan ba wurin koyo da gwaji ba ne, kuskure ɗaya ya isa ajali. Motar lantarki kuma ba ta shan baƙin mai, saboda haka aikin da yaro mara karatu kan fara da shi, a hankali zai riƙa raguwa, aikin mai bincike kuwa sai ƙaruwa.

Saboda haka amfanin shahadar ba a albashin farko yake bayyana ba. A shekara ta biyar yake bayyana, sa'ad da ɗaya ya zama wanda ake kai wa motar da ta gagari kowa, ɗaya kuma yana nan a kan birki da taya. Yana kuma bayyana a ranar da gwiwa da baya suka fara ƙorafi, don sana'ar tana cin jiki, mai digiri ya sami ƙofar zama shugaban sashen gyara, ko malamin kwaleji, ko ma'aikacin garejin hukumar birni mai albashin wata da fansho, ko ya ɗora shekara biyu a jami'a ya cika babban digiri.

Yanzu kun ga ina aka dosa. Makaranta na ba da usuli, ta hana lada. Gareji na ba da lada da sauri, ya rage usuli. Hikima ita ce kada a zaɓi ɗaya. A haɗa da aiki. Kamfanonin mota sun daɗe da gane haka, shi ya sa suka ƙulla yarjejeniya da wasu kwalejojin al'umma: General Motors na da shirin ASEP, Ford na da ASSET, Toyota na da T-TEN, Honda na da PACT. Ɗalibi yakan yi 'yan makonni a aji, ya yi 'yan makonni a garejin dilan kamfanin ana biyansa lada, haka har shekara biyu, ya fito da digiri, da shaidar horon kamfani, da ƙwarewar hannu, sau da yawa kuma da aiki na jiransa a inda ya saba. Hasarar nan ta lokaci da muka lissafa ɗazu, ta ragu ƙwarai. Ba na cewa ba shi da aibi. Yaro zai taso a kan motar kamfani ɗaya, kuma sai ya nemi dilan da zai karɓe shi, ba kuma kowace kwaleji ce ke da shirin ba. Inda babu shi, sai yaro ya shirya wa kansa: aji da safe gareji da yamma, ko gareji da rana aji da dare. Da wuya, na sani. Shekara biyu ce, za ta wuce.

Bari in ja kunne game da wata hanya ta dabam, wadda tallarta ta fi ta kwalejin al'umma ƙara. Akwai makarantun koyon sana'a na 'yan kasuwa, masu neman riba, da ke koyar da kanikancin nan a kan dala 30,000 zuwa 40,000, wani lokaci fiye. Wasunsu suna da kayan aiki na zamani, suna kuma gamawa da wuri, wannan haƙƙinsu ne a faɗa. Amma mai gareji ba ya ninka wa yaro lada don ya ninka kuɗin makaranta. Layin juyen baƙin man nan dai shi ke jiransa, ga bashi a wuya. Waɗanda suka san abin da ya faru da rukunin makarantun Corinthian, wanda ya mallaki makarantar kanikanci ta WyoTech, ya kuma durƙushe a 2015 ya bar dubban ɗalibai a tsakiyar hanya, sun san cewa sai a 2022 gwamnati ta yafe bashin ɗalibansa gaba ɗaya. Shekara bakwai mutane na ɗauke da kaya. A shiga da arha, jama'a. A wannan sana'a tsadar makaranta ba hujjar ingancinta ba ce.

Haɗari mafi girma a kwalejin al'umma kuwa shi ne a fara a kasa gamawa. A cikin masu shiga irin waɗannan kwalejoji, waɗanda ke fita da wata shahada a cikin shekara shida ba su kai rabi ba. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta jure darasin Turanci da lissafi ba, akwai gajeriyar shahada ta shekara ɗaya ko ƙasa da haka, ta kanikanci zalla. Gara ƙaramar da aka kammala da babbar da aka bari a rabi.

Ina da magana ta musamman ga iyayen da ke saurarona daga gida, waɗanda wataƙila suka ji arhar nan suka fara tunanin tura yaro. Duk lissafin da na yi na mazaunin ƙasar ne. Baƙon ɗalibi yana biyan ninki biyu ko uku, ba shi da rabo a tallafin Pell, sai ya nuna kuɗin ci da haya tun kafin a ba shi biza, bizar kuma ta taƙaita masa aikin lada ƙwarai. Sharuɗɗan nan da na kafa, da wuya ko ɗaya ya cika a kansa. Amma darasin ya shafe mu ta wata fuska, domin motocin Amurka na hannu da ake saukewa a tashoshin Kwatano da Legas, su ne ke cika titunan Kano da Kaduna da Maraɗi, da kwamfutocinsu da kafar nan ta ƙarƙashin sitiyari, kuma yaron da ke koyon aiki a gefen Ƙofar Ruwa ko Panteka, wannan motar ce za a kawo masa gobe. Maigidansa zai ba shi hannu. Ƙa'idar lantarki da karatun taswira kuwa, sai an nema masa.

Kada kuma wani uba ya ji nauyin cewa ɗansa bakanike ne alhali 'ya'yan maƙwabta na karatun likita da lauya. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u, ya lissafa sana'o'in da al'umma ba ta tsayuwa sai da su a cikin farillan kifaya, waɗanda in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Mutumin da ke ɗaure birkin motar da za ta ɗauki mace da 'ya'yanta, amanar rayuka ce a hannunsa, kuma ni ina ganin wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ya koyi aikinsa tun daga tushe.

To, iyayena da ƙannena, idan mas'alar nan ta iso gidanku, kada ku yanke ta daga takardar talla. Ku taka da ƙafarku ku je kwalejin. Ku tambaya ko cibiyar ASE ta amince da sashen. Ku leƙa garejinsu ku ga shekarun motocin da ake koyo a kai. Ku tambayi malami ina ɗaliban bara suke aiki yanzu, ku kuma cika takardar neman tallafi da wuri, don kyauta ake cika ta. Kafin duk wannan, yaro ya nemi aikin hutu a gareji ko na wata uku ne, ya ji zafin injin da sanyin hunturu a yatsunsa, ya ga ko ransa na nan. In yana nan, ku yi shawara, ku yi istihara, sannan a shiga da arha, a haɗa da aiki, a fita ba bashi.

Allah ya sa wa neman 'ya'yanmu albarka, ya tsare hannuwansu da idanunsu a bakin aiki.